Tsohuwar Lettera 22 a kan teburina: yadda gyaran ke tafiya

6 ga Janairu

Yau na ɗauko tafiretar kawu. Ta yi shekaru a ƙarƙashin gadonsa cikin jakarta, har zik ɗin jakar ya ci tsatsa, sai da na sa filaya kafin ya buɗe. Warin tsohuwar tawada da ƙura ne ya fara yi mini sallama.

Olivetti ce, samfurin da ake kira Lettera 22. A bayanta an rubuta Ivrea, wato ƙaramin garin nan na arewacin Italiya, kusa da Turin, inda Camillo Olivetti ya kafa kamfaninsa a 1908. Launinta tsakanin shuɗi da kore, ya koɗe. Maɓallanta baƙaƙe ne masu zagaye, sai guda ɗaya ja a hannun dama, shi kaɗai kamar baƙo a taro. Na ɗora ta a sikeli, ba ta cika kilo 4 ba, tsayinta kuma bai wuce faɗin tafin hannuna ba.

Ga abin da na gani na rashin lafiya. Taragon da ke ɗauke da takarda ya ƙi motsi. Haruffa bakwai in an danna su sai su tashi su maƙale a sama. Ribin ɗin tawada ya bushe ƙayau, ƙararrawa ta yi shiru, ƙafafun roba biyu sun narke sun koma kamar kwalta.

Da zan fito da ita kawu ya ce, "Kai ɗan nan, me za ka yi da wannan tsohuwar? Ba ga kwamfutarka nan ba?"

Na ce, "Kawu, kyanta ne ya kama ni."

Ya yi dariya har da tari. "Kyau? Shekara ashirin da wani abu ina dukanta, ban taɓa tsayawa na duba ko tana da kyau ba. Abin da na sani, ba ta taɓa ba ni kunya a ofis ba."

Maganar ta bi ni har gida. Zan riƙa rubuta abin da na yi duk ranar da na taɓa ta, don kada in manta wane noti ya fito daga ina, kuma don in ga ko kafin in gama zan gane inda kyan inji yake zama, a rigarsa ko a cikinsa.

9 ga Janairu

Rashin sani ya fi dare duhu. Taragon da nake ta yi wa kallon gurgu ashe kulle shi aka yi. Akwai wani ɗan ƙarfe a gefe da ake turawa don kada ya riƙa zamewa in ana tafiya da tafiretar. Na ture shi, tarago ya motsa, da kyar dai, yana ja kamar mai ciwon baya.

Na ɗauki hotuna ta kowane ɓangare, sannan na cire murfin ribin da farantin ƙasa, na kwance notukan da ke riƙe da rigar alminiyam. Ƙarƙashin kowanne akwai ɗan zoben roba da ke raba rigar da ƙashin injin don kada su riƙa kaɗa juna. Duk sun narke. Na ɗaga rigar na ajiye gefe.

Na fi minti goma ina kallo kawai. Sandunan haruffa sama da 40 a kwance cikin rabin da'ira kamar haƙarƙari, kowanne da ƙaramar wayarsa da ɗan sifirin ɗinsa, kuma dukkansu wuri ɗaya suke nufa, ɗan gurbin da bai kai faɗin farce ba. Babu abin da aka sa don ado. A raina na ce shi ke nan, an amsa tambayar tun ba a je ko'ina ba: ga kyan nan, rigar rufa-rufa ce kawai.

Ba ni na fara wannan tunanin ba. A 1934 gidan adana fasahar zamani na birnin New York, MoMA, ya yi wani baje koli mai suna Machine Art, wanda Philip Johnson ya shirya. Abin da ya jera a ɗakunan da aka saba rataye zane-zane shi ne sifirin, farfelar jirgi, tukwanen ƙarfe, kwalaben ɗakin gwaje-gwaje da kayan awo, kowanne an ɗora shi kan abin ɗori kamar sassaƙen wani gwani. A bangon littafin baje kolin an sa hoton boris na kamfanin SKF. Wannan boris injiniyan Suwidin Sven Wingquist ne ya ƙirƙiro shi a 1907, kuma dalilinsa ba shi da alaƙa da kyau ko kaɗan. Masaƙar da yake aiki a Gothenburg an gina ta a kan ƙasa mai laka, ginin yana ɗan zama, sandunan da ke juya injuna suna karkacewa, boris yana lalacewa. Sai ya yi mai layi biyu na ƙwallaye, ya ƙwaƙule cikin zoben waje ya zama mai kumbo, ta yadda ko sanda ta karkace boris zai bi ta. Bayan shekara 27 wannan maganin matsalar laka ya zama abin da ake zuwa kallo. An ma kira alƙalai su zaɓi abin da ya fi kyau a baje kolin, cikinsu har da matuƙiyar jirgin sama Amelia Earhart da masanin falsafa John Dewey, kuma guntun wani ƙaton sifirin ne ya zo na ɗaya.

Abu ɗaya dai ya tsaya mini. Boris ɗin da aka ɗora a gidan kallo an wanke shi tas, ba giris, ba sanda a cikinsa, ba ya juyawa. Abin da ya sa aka yi shi, shi ne aka cire masa kafin a yabe shi.

13 ga Janairu

Wanki. Buroshi mai laushi, sifirit, tsumma, da tsinken sakace don haƙo busasshiyar tawada daga cikin e da a da o. Matsalar haruffan da ke maƙalewa tana cikin matajin ƙarfen da sandunan ke shiga tsagoginsa. Wani ya taɓa zuba mai a wurin, man ya haɗu da ƙura ya zama danƙo. Wannan mataji ba ya son mai sam, a bushe aka yi shi ya yi aiki. Na ɗiga sifirit a kowace tsaga, na kaɗa sandar sama da ƙasa sau ba adadi, baƙin ruwa yana fita. Biyar sun saki. K da w sun ce ba yau ba.

18 ga Janairu

K ta saki, w ta saki. Yau hannuna hutu yake, karatu na yi a kan kakannin wannan na'ura.

Tafireta ta farko da ta shiga kasuwa da gaske ita ce ta Sholes da Glidden, wadda kamfanin Remington na Amurka ya fara sayarwa a 1874. Remington maƙeran bindiga ne da keken ɗinki, don haka suka fito da ita da kamannin keken ɗinki sak: baƙin jiki da zanen furanni, a kan tebur mai ƙafar ƙarfe, da abin takawa da ƙafa don mayar da tarago. Manyan baƙaƙe kaɗai take bugawa, kuma mai rubutu ba ya ganin abin da yake rubutawa sai ya ɗaga taragon, domin sandunan daga ƙasa suke dukan takarda. Tsarin QWERTY da ke kan kwamfutata yanzu daga can ya samo asali.

Furannin nan su suka fi ba ni sha'awa. A ƙarni na 19 kamar ana jin kunyar inji ne. In zai shiga ɗaki sai an yi masa kwalliya, a yi masa ƙafafu irin na kujerar sarauta, a zana masa ganye. A babban baje kolin Landan na 1851, wanda aka yi cikin ginin gilashi da ƙarfe na Joseph Paxton, an cika zaurukan da kayan masana'anta masu nauyin ado, alhali ginin da suke ciki, wanda ba shi da adon kirki, shi ne abin da aka fi tunawa har yau.

Juyin ya zo ne a farkon ƙarni na 20. A 1907 kamfanin lantarki na AEG a Jamus ya ɗauki Peter Behrens ya tsara masa fasalin komai, tun daga tambari da takardun talla har fanka, fitilu da butocin dafa ruwa, har da ginin masana'antar injunan tabin da aka kammala a Balin a 1909. A ofishinsa mai tsara gine-gine Walter Gropius ya yi aiki kafin ya buɗe makarantar zane da ƙira ta Bauhaus a 1919, haka takwarorinsa Mies van der Rohe da Le Corbusier. A Biyana kuma Adolf Loos, shi ma mai tsara gine-gine, yana ta faɗa da ado, har yana haɗa shi da laifi.

Sai kuma Marinetti, marubucin Italiya, wanda a 1909 ya buga sanarwarsa a jaridar Le Figaro ta Paris yana cewa motar tsere ta fi mutum-mutumin Samothrace da ke gidan tarihi na Louvre kyau. Ana yawan kawo shi in ana maganar kyan inji, amma ni ban yarda inji yake so ba. Gudu da ƙara da hayaƙi yake so, a takardar ma har yaƙi ya yaba. A cikinta da kansa ya ba da labarin yadda ya afka da motarsa cikin kwalbati. Ina shakkar ko ya taɓa zama da tsumma da buroshi a gaban wani inji na tsawon yini.

22 ga Janairu

Garin neman gira na kusa rasa ido. Na ga wani ɗan sifirin kamar ya karkace, na sa hantsaki in gyara shi, ya yi tsalle ya ɓace. Tsawonsa bai kai ƙwayar ashana biyu a jere ba. Ina rarrafe a ƙasa ina nema, gwiwar hannuna ta bugi tarago, igiyar da ke jan shi, wadda dama ta tsufa, ta tsinke. Na ji wani "firrr" daga ciki, babban sifirin ya warware.

Na rufe ta da tsumma na tashi. Ba na taɓa inji da fushi.

29 ga Janairu

Na sami ɗan sifirin ɗin da maganaɗisu, a bayan ƙafar tebur. Igiya kuma na sa sabuwa, zaren nailan mai ƙarfi, na auna da tsohuwar, na ƙulla. Na wana gangar babban sifirin da yatsa kaɗan-kaɗan, ina gwadawa, har tarago ya riƙa kaiwa ƙarshen layi ba tare da ya yi kasala ko ya yi fizga ba. Sau uku yana kuɓuce mini.

Tsautsayin ya yi rana, domin shi ya tilasta mini fahimtar zuciyar na'urar. Babban sifirin yana naɗe cikin ganga, kullum yana jan tarago zuwa hagu ta wannan igiya. Abin da ke hana taragon gudu shi ne wata 'yar ƙafa mai haƙora da 'yan harsuna biyu na ƙarfe da ke tare ta. Duk harafin da ka danna, sandarsa tana ture wani ƙarfe guda da dukkan haruffa ke tarayya a kansa, harshe ɗaya ya saki, ɗayan ya kama, ƙafar ta juya haƙori ɗaya tak. Tarago ya matsa taki guda ya tsaya. Dabarar agogo ce, sai dai a nan yatsanka ne ke ba da lokaci. Kuma duk sanda ka tura tarago ya koma farkon layi, kai ne kake sake wana sifirin ba ka sani ba. Shekara ashirin kawu yana wana agogo da hannun hagu.

Na auna takin: haruffa 10 a inci ɗaya. Tunda kowane harafi taki ɗaya yake samu, siririyar i da ƙatuwar m fili ɗaya aka ba su. Shi ya sa masu zana haruffan tafireta suka shimfiɗa wa i dogayen ƙafafu don ta cike gurbinta, suka matse m ta shiga nata. Wannan kamannin rubutun tafireta da mutane ke so har suna kwaikwayonsa a kwamfuta, daga haƙoran wannan 'yar ƙafa ya fito.

Ƙararrawa ta dawo. Gudumarta ce ta lanƙwashe kaɗan, na miƙe ta da filaya. Na buga ta ya fi sau ashirin, don daɗi kawai.

5 ga Fabrairu

Yau na juya kan rigar da na raina, kuma dole in janye maganata ta 9 ga Janairu.

Na gwada bugawa da injin tsirara a kan tebur. Yana aiki, amma ba ya zama wuri ɗaya, ƙararsa tana da kaifi, hannuna ba shi da inda zai huta, idona kuma sai bin wayoyi yake maimakon takarda. Da na ɗora rigar a kai, ko noti ban ɗaure ba, na ga abin da ban gani ba da farko. Maɓallan sun nutse cikin jikinta kamar a cikin kwano, gefunan sun tare su daga bugu. Rolar takarda ta kwanta daidai da bayan rigar, ba abin da ya fito sai murɗi da hannun mayar da tarago, shi ma yana naɗewa ya kwanta in za a sa ta a jaka. Babu kusurwa mai kaifi da za ta kama riga ko ta yagi jaka. Tazarar da ke tsakanin rigar da sandunan ciki a wasu wuraren ba ta wuce kaurin kwali ba. Wanda ya zana wannan rigar ya san inda kowane ƙarfe yake kaiwa in ya motsa.

Mutum biyu ne suka yi aikin: injiniya Giuseppe Beccio ya yi cikin, Marcello Nizzoli ya yi fasalin, ta fito kasuwa a 1950. Nizzoli mai zane ne tun asali, fosta da kayan talla yake yi kafin ya koma ƙirar na'urori, kuma shi ya tsara Lexikon 80 ta ofis a 1948, da keken ɗinkin Mirella na kamfanin Necchi. Adriano Olivetti, ɗan Camillo, shi ya mayar da wannan ɗabi'ar kamfanin, ya tara masu zane da marubuta da masu tsara gine-gine suna aiki kafaɗa da kafaɗa da injiniyoyi. MoMA ta yi wa kayan kamfanin baje koli na musamman a 1952. Lettera 22 ta ci lambar yabon ƙira ta Italiya, Compasso d'Oro, a 1954, shekarar da aka fara ba da ita, sannan a 1959 cibiyar fasaha ta Illinois ta tambayi masu tsara fasali, suka sa ta a kan gaba cikin kayan da aka fi iya ƙerawa a shekaru 100 da suka gabata. Unguwar masana'antar a Ivrea ma UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya a 2018.

Akwai kuma riga ta ƙarya, kada in yi wa kowace riga kuɗin goro. A Amurka ta shekarun 1930 an yi yayin sulɓi, wato fasalin ɗigon ruwa da aka aro daga jiragen sama don yanka iska. A jirgin ƙasa mai gudu yana da hujja. Amma Raymond Loewy har abin fiƙe fensir ya zana da wannan fasali, abin da ake kafewa a tebur, ba inda za shi. Kamfanin General Motors kuma ya gano cewa in ana sauya wa mota riga duk shekara, ta bara za ta tsufa a idon mai ita ko da injinta lafiya lau. Rigar Nizzoli ba ta yi alkawarin gudu ba. Iyakar abin da ta ce shi ne ɗauke ni da hannu ɗaya, ajiye ni a kan gwiwa, rubuta.

11 ga Fabrairu

Na yanka sabbin zobban roba daga wani bututu, na sa sabbin ƙafafu, na ɗaure rigar. Ƙarar ta sauya nan take, kaifin ya tafi, ta koma tas-tas mai taushi. Zobe huɗu na roba da ba mai ganinsu, su ke da rabin muryarta.

Na daɗe ina shawarar fenti. Har na sami launi mai kama. Sai na lura da wurare biyu a gaban rigar, hagu da dama, inda fentin ya goge ya yi sheƙi har alminiyam ya leƙo. Na ɗora hannuwana a kan maɓallai, gindin tafukana suka sauka daidai wurin. Sawun kawu ne. Na wanke ta da ruwan sabulu kaɗan, na goge, na mayar da gwangwanin fenti cikin kwaba.

19 ga Fabrairu

Ribin ya iso, mai launi biyu, baƙi da ja, faɗinsa milimita 13. Na naɗe shi a kan tsofaffin kwarkwaron ƙarfe na asali. Tafiretocin Olivetti na wannan zamani suna da wasu 'yan notuka da ake ɗaurewa a saman kwarkwaro, in babu su ribin ba ya tafiya daidai. Allah ya taimake ni duka biyun suna nan.

Na sa takarda na buga layin farko. Yatsuna da suka saba da kwamfuta sun sha mamaki, domin nan sai ka daki maɓalli ka ɗauke yatsa da sauri, in ka danne harafi ya fito biyu-biyu. Na nemi lamba 1 na rasa. Babu ita, ƙaramar l ake bugawa a madadinta, an rage sanda guda da wayarta da sifirin ɗinta. In ka danna maɓallin manyan baƙaƙe kuma, kwandon sandunan ne ke sauka ƙasa, tarago yana nan inda yake. A ƙananan tafiretoci da yawa na wancan lokaci taragon gaba ɗaya ake ɗagawa da ɗan ƙaramin yatsa. Ba wanda zai ga wannan bambanci a hoto, amma ƙaramin yatsa ya san shi tun kafin a cika shafi.

Ba ta da ƙ, ba ta da ɗ, ba ta da ɓ. Na buga shafi guda da Hausa, na bi shi da biro ina sa wa haruffa ƙugiya ɗaya bayan ɗaya. Kafin in bi, wata jimla tana cewa na ji kara a daki.

26 ga Fabrairu

Kawu ya zo. Na ajiye masa ita a tebur ban ce komai ba. Ya zauna, ya gyara tabarau, ya zura takarda biyu a haɗe, ya ce ba a buga wa rola takarda ɗaya, ana ɓata ta. Daga nan ɗakin ya cika. Ban taɓa jin ta da wannan murya ba. A hannuna tana in'ina, a nasa kuwa kamar ruwan sama a kan kwano, ƙararrawa, tura tarago, a sake. Ko sau ɗaya bai kalli yatsunsa ba.

Ya tsaya ya ce, "Ka cika wana sifirin, ɗan nan. Tana fizga a farkon layi. Rage mata kaɗan."

Na ce, "To, kawu."

"Wannan w ɗin kuma tun tana sabuwa haka take da taurin kai, kada ka wahalar da kanka."

Sai ya nuna mini abin da ban gani a ko'ina cikin injin ba duk kwanakin da na yi ina leƙe. In ka riƙe maɓallin sakin iyaka yayin da kake mayar da tarago, ba ya kaiwa bakin layi, yana tsayawa 'yan taki kaɗan a ciki, daidai inda sabon sakin layi zai fara. Wani ya zauna a Ivrea ya yi tunanin mai buga wasiƙa da ke fara sakin layi sau hamsin a yini, ya rage masa wahala.

Na nuna masa hoton Valentine, jar tafiretar roba da Ettore Sottsass da Perry King suka tsara wa kamfanin a 1969, wadda ake rububinta a gidajen tarihi. Na gaya masa cikinta na Lettera 32 ne, ƙanwar tasa da ta fito a 1963, riga kawai aka sauya. Ya kalla ya ce, "Ta yi kyau a ido. Sai na ji ta a hannu kafin in ce wani abu." Na kuma nuna masa rediyo mai faifai na Braun SK4, wanda Dieter Rams da Hans Gugelot suka yi a 1956 da murfi mai gani-har-hanji, inda suka bar abin juya faifai da maɓallai a fili maimakon ɓoye su cikin akwatin katako. Wannan ya fi burge shi. Ya ce aƙalla mutum yana ganin abin da yake taɓawa.

Da zai tafi ya shafa wuraren nan biyu da fenti ya goge, ya dube ni, bai ce komai ba. Ya zare takardar da ya buga ya ninke ya sa a aljihu, bai bari na karanta ba.

4 ga Maris

Na rage wanin sifirin kamar yadda kawu ya ce, fizgar ta tafi.

Abin da ya saura: robar rola ta taurare kamar katako, ɗigon aya yana huda takarda, sai an sake mata sabuwar roba. Harafin a yana sauka ɗan sama da layi, kuma gyaransa na nufin lanƙwasa sandarsa da kaɗan ƙwarai, abin da hannuna bai kai ba tukuna, zan fara koyo a kan wata matacciyar tafireta in na samu. Manyan baƙaƙe suna fitowa da duhu a sama, haske a ƙasa, akwai notin daidaita saukar kwando da zan nema. Zik ɗin jaka yana nan da tsatsarsa.

Gobe zan cire rolar in auna kaurinta. Na riga na ɗauki hoton yadda murɗin hagu yake zaune, na kuma ajiye maganaɗisu kusa da hannu.